Wa Ke da Sunan Gamzaki?

An ce wai a wani gari na manoman albasa an yi wani alƙali, Malam Ɗahiru, wanda Allah ya zuba wa zargi. Ko gaisuwa aka yi masa ta yi tsawo, sai ya tambayi kansa me ake nema. Ya kan ce in ka ga kare na shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

A garin akwai wata dattijuwa, Inna Tasalla, mai sayar da irin albasa da ake kira Gamzaki. Manoma na nesa ba su san fuskarta ba, sunan kawai suka sani. Da ciniki ya koma waya, ta aika a buɗe mata shafi da sunan a intanet, sai aka ce an riga ta. Lawwali, dillalin da ya daɗe yana kai mata iri kasuwanni, ya yi wa sunan rajista a sarƙar nan da ake kira bulokcen, yana sayar da nasa irin da shi. Ita wannan sarƙa, duk abin da aka rubuta a cikinta ana ƙulla shi da na bayansa, da ranarsa da sa'arsa, kwafinsa kuma yana cikin dubban na'urori, don haka babu mai iya gogewa. Ran Tasalla ya ɓaci ƙwarai, ta kai ƙara.

Lawwali ya zo kotu da fara'arsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, sunan nan nawa ne tun asali, ni na raɗa shi. Inna ɗaya ce kawai cikin masu kawo mini iri. Mutum yana mantuwa, yana son kai, amma sarƙa ba ta da dangi. A duba a ga wa ya riga."

Aka duba, sunansa ne, kuma rajistar ba ta wuce damina biyu ba. Tasalla ta kawo shaidu, alƙali ya bincika ya tarar duk 'yan uwanta ne, ya sallame su. Bai yarda da ita ba, bai yarda da Lawwali ba, ita ma sarƙar kallon tuhuma yake mata. Ya ce wa muhutinsa, mai taimaka masa a kotu, "Wannan sarƙa shaida ce da ba ta ƙarya, na ji. Amma abu ɗaya ta gani, ranar da aka yi rubutu. Shaidar da ta zo a makare ba ta san abin da aka yi kafin ta iso ba."

To, kowa a garin yana tune da wata shekara can baya, da irin Gamzaki ya ƙi tsirowa, fadamu suka tashi a banza. Har yau akwai manoman da abin ke ci musu rai. Alƙali ya ɗaga shari'a, ya sa aka kira su, suka cika zauren kotu suna harare-harare.

Ya dubi Lawwali ya ce, "Sarƙa ta ba ka, ni kuwa ba ni da hannun da zai goge ta. Amma suna ba riga ba ce da ake sawa ranar biki a tuɓe ranar aiki. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ga mutanen da Gamzaki ya kashe wa noma. Tunda naka ne tun asali, tashi ka amsa musu."

Fara'ar Lawwali ta gushe. Ya dubi manoman, ya ga babu mai murmushi. Ya ce da sauri, "Allah gafarta Malam, ai wannan ya faru tun kafin rajistata. A duba kwanan sarƙa! A lokacin sunan na Inna ne, ni ɗan aike ne kawai."

Alƙali ya juya ga dattijuwar. "Ke fa, Inna?"

Ta ce, "Irina ne, Malam. Ruwa ya shiga mini rumbu, ban lura ba na sayar. Kunyar abin ba ta bar ni ba har yau. In za su zagi Gamzaki, ni za su zaga."

Malam Ɗahiru ya ce, "Lawwali, shaidar da ka kawo ita ta kama ka, bakinka kuma ya sa hannu." Ya umarce shi ya fito da makullin sirrinsa, wanda sai da shi ake sauya mai suna, ya miƙa wa Tasalla sunanta a gaban jama'a. Lawwali ya yi yadda aka ce. Da ya gama, ya roƙi a share rajistarsa ta farko don kada 'ya'yansa su gani. Alƙali ya ce ba ya iyawa, kuma babu mai iyawa. Ranar da ya ɗauka da ranar da ya mayar suna nan ƙulle da juna, duk mai waya yana iya karantawa.

Shi ya sa masu hikima suka ce, rajista tana nuna wanda ya riga rubuta suna, amma mai suna shi ne wanda ke amsawa ranar da aka kira shi da zagi.