Mutumin Da Ya Ce Ba Shi Da Malami

An yi wani mutum a Kazaure, a zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin su miƙa ƙasa. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, domin danginsa na nan da rai, kuma ba tonon asiri ne ya tara mu ba.

Ubansa magatakarda ne a En'e, wato hukumar gargajiya. Uwarsa kuwa, Inno, Bafulatana ce daga wata ruga a ƙasar Roni. Allah ya ba yaron nan kai. A Elementare shi ne na ɗaya, a Midil shi ne na ɗaya. Aka tura shi makarantar likitan dabbobi, daga can aka ɗauke shi zuwa Ingila, ya yo digiri.

Ranar da ya dawo, Kazaure ta cika ta batse. Mata na guɗa, maroƙa na wasa shi, tsofaffi na nuna shi da sanda suna cewa, "Ɗanmu ne, a gabanmu ya yi rarrafe." Sun kuwa yi gaskiya, abin alfahari ne. A wancan zamani, in ka bi ƙasar Arewa kaf, masu irin takardarsa ba su cika yatsun hannu ba. Aka ba shi aikin duba dabbobi, aka ba shi babur. In ya wuce cikin kwat ɗinsa, har mahauta kan tsai da wuƙa su bi shi da kallo.

Ana haka sai ga sanarwa daga wata jami'a a Ingila. Sun buɗe gurbin bincike guda ɗaya tak. Wanda ya ci, za a ɗauki nauyinsa shekara uku: gida, abinci, ɗakin gwaji, da shehun malamin da zai duba aikinsa, ya fito da digirin dakta. Har waɗanda suka riga suka zama dakta suna rububin wannan gurbi. Sharaɗin ɗaya ne: ka zo da wani sabon abu daga ƙasarka wanda ba ya cikin littattafansu, ka kuma nuna a fili cewa yana aiki.

Mutumin nan ya karanta, ya sake karantawa. Dakta! Na farko a Kazaure, na farko a Kano, watakila na farko a Arewa. Tun daga ranar ba ya jin ɗanɗanon tuwo. To amma wane sabon abu zai kai? Duk abin da ke kansa, daga littattafansu ya kwaso shi.

Sai ya tuna da Kawu, yayan uwarsa, makiyayi a ƙasar Roni. Yana yaro ya taɓa ganin shekarar da ciwon huhu ya faɗa wa shanu, garke bayan garke na zubewa, amma na Kawu suka tsaya. Ya ga tsohon yana bin shanunsa ɗaya bayan ɗaya da aska, yana yi musu wani abu a hanci.

Ya hau babur ya nufi ruga. Shekara tara rabonsa da ita.

Kawu ya taso da murna, ya shimfiɗa masa buzunsa na salla, mata suka kawo kindirmo. Mutumin nan bai tuɓe takalmi ba, bai durƙusa ba. Ya jingina da babur, ya fito da littafi da alƙalami.

Kawu ya yi dariya, ya ce, "Ɗan Inno, ko gwiwar ce suka ƙi sako maka daga Ingila? Zauna mana, buzu ba ya cizo."

Ya ce sauri yake yi, ya zo ne a kan maganar huhu.

Tsohon bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ana yanko huhun saniyar da ciwon ya kashe, a jiƙa shi cikin nono da dusa kwana uku, har kaifinsa ya ragu. Sai a tsaga doron hancin lafiyayya, a cusa ɗan guntu kamar ƙwayar wake. Wurin zai kumbura. In kumburin ya nemi hawa sama, a tare shi da lalas, wato a ɗora masa ƙarfe mai zafi. Saniyar da ta tsallake wannan, huhu ba ya kama ta.

Sannan ya ce, "Amma wannan aiki hannu ne ke koyonsa, ba kunne ba. Ka zo ka yi damina ɗaya a wurina. Kuma ka saurara in gaya maka abin da ya sa hanci kaɗai muke..."

Ƙarar babur ta haɗiye sauran maganar. Ya samu abin da ya zo nema.

Ya koma ya zauna ya rubuta takarda mai shafi talatin, da Turanci mai santsi. Ya ce ya gano hanyar kandagarkin ciwon huhu. Ya ce makiyaya kan yi wani abu mai kama da haka a cikin duhun kai, da aska mai tsatsa, a hanci, don camfi. Shi kuwa zai tace ruwan huhun, ya zuba a allura, ya soka a bayan kafaɗa yadda ake yi a ƙasashen da suka waye.

A ƙarshen takardar neman gurbin akwai tambaya: wa ya koya maka, ko wa ya taimake ka? Ya 'yan uwa, wurin amsar ba zai ci kalma biyar ba. "Kawuna, makiyayi a Roni." Me zai rage masa? Su Turawan ma sun fi son a faɗa. Amma ya hango kansa a tsakiyar shehunnan malamai, ana cewa wannan daga bakin wani mai sanda ya ɗauko. Sai ya rubuta: Babu.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Cikin masu nema ɗari da wani abu, su uku suka rage, kuma shi ne a gaba. Saura gwaji. Aka ce ya yi wa shanu allurar a gaban shaidu, bayan mako uku wani shehun malami zai iso daga Ingila ya gani da idonsa.

Labari ya zaga gari. Tun ba a je ko'ina ba aka fara kiransa Dakta, bai kuwa hana ba. Har ya aika Kano aka ɗinko masa babbar rigar sanyi.

A lokacin huhu ya ɓulla a ƙasar Babura, wajen iyaka. Ya sa hakimi ya tara arɗaɗɗan Fulani, ya ce su kawo shanu. Kowa ya sunkuya yana kallon sandarsa. Bafulatani ba ya miƙa saniyarsa ga sabon abu don an yi masa Turanci.

Inno ce ta warware. Kun san kunyar ɗan fari: tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Amma tana da shanu bakwai na gadon uwarta, suna kiwo a hannun wani arɗo a can Babura. Ta aika wa ɗan nata da magana ɗaya: "A fara da nawa." Da Fulani suka ji haka, suka ce uwa ba ta jefa dukiyarta a wuta. Suka koro shanu ɗari uku.

Akwai wani dattijo mai suna Muhammadu Lawal, malamin allurar shanu, wanda ya shekara ashirin yana yawon ruga-ruga da akwatin allura. Da ya ga ana tace ruwan huhu ana ɗurawa a allura, ya matso ya rusuna.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. Amma duk yawona ban taɓa ganin Bafulatani ya kai wannan abu jikin saniya ba, sai hanci. Ko za mu gwada a biyar tukuna, mu ga kwana goma?"

Mutumin nan ya ce, "Malam Lawal, Bature zai taso daga Ingila ya zo kallon shanu biyar? Riƙe igiya, shi ne aikinka."

Ran allura aka kafa rumfa a bayan gari. Di'o, Baturen mulki, ya zo, hakimi ya zo, aka jera kujeru. Hantsi ya dubi ludayi sai ga wani tsoho ya ɓullo, sanda a kafaɗa, ƙafafu sun yi futu-futu. Kawu ne. Ya ji labari a kasuwar Gwiwa, ya yi kwana biyu yana tafiya a ƙasa. Ya tsaya bakin rumfa yana ɗaga hannu, yana kira, "Ɗan Inno! Ɗan Inno!"

Di'o ya waiwaya ya tambaya wane ne wannan.

Mutumin nan ya dubi yayan uwarsa, ido cikin ido, ya ce, "Wani tsoho ne, irin masu zuwa roƙo. Dogarai, ku matsar da shi."

Suka janye shi zuwa gindin wata tsamiya. Muhammadu Lawal ya saci jiki ya kai masa ruwa. Tsohon bai sha ba. Ya kama hannunsa ya ce, "Ka gaya masa, ko bai san ni ba, ya san Allah. Hanci fata ce a kan ƙashi, ciwon ba ya samun wurin gudu. In ya sa shi cikin nama, wuta ya sa a busasshiyar ciyawa."

Lawal ya kai saƙo, ya raɗa masa a kunne. Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa ta ƙarshe. Allurar na hannunsa, ba ta taɓa saniya ko ɗaya ba. Ya dubi Di'o, ya dubi hakimi, ya dubi taron da ke jiran ganin Dakta. Yaya zai ce a dakata, wancan tsohon na gindin tsamiya ya fi ni sani?

Ya ce a kawo shanun Inno. Ya fara da su.

Kwana shida ba a ga komai ba, yana ta rubuta nasara a littafi. Ran na takwas kafaɗun suka fara tashi. Ran na goma kumburi ya gangara ƙirji, ya bi ciki, saniya ta koma kamar salkar da aka cika da ruwa. Aka yi lalas, bai tare ba. Aka yi jiƙo, bai tare ba. Shanu suka dinga durƙushewa suna nishi, masu su na tsaye a kansu da wuƙa, don kada su mutu mushe. Dattawan da ba a taɓa ganin hawayensu ba suka rufe fuska da rawani. Cikin ɗari uku, waɗanda suka tashi ba su kai sittin ba. Na Inno ko ɗaya.

Ranar da shehun malamin ya iso, ungulu ne suka nuna masa hanya.

Baturen tsoho ne, mai yawan tambaya. Ya duba gawarwaki, ya yi rubutu. A hanyar komawa Kazaure ya ga wani garke na kiwo lafiya ƙalau, kowace saniya da tabo a doron hanci. Ya sa aka tsai da mota, ya tambaya aikin wane ne. Aka ce na wani tsoho ne a ƙasar Roni. Ya ce a kai shi. Dole mutumin nan ya bi, don shi ne tafinta.

Baturen ya cire hularsa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa gaban Kawu. Tun azahar yake tambaya har la'asar, yana rubuta kowace kalma, kuma ta bakin mutumin nan kowace kalma ke bi. Daga ƙarshe ya ce a tambayi tsohon ko ya taɓa koya wa wani ɗan boko wannan aiki.

Tambayar ta sa Kawu a tsaka mai wuya. Ba ya ƙarya, ba ya kuma son tozarta jininsa. Can ya ce, "Na fara koya wa ɗan ƙanwata, ga shi nan tsaye. Yaro ne mai kai. Laifina ne, ban yi saurin magana ba."

Da bakinsa mutumin nan ya juya wannan zuwa Turanci, don Muhammadu Lawal na tsaye, kuma yana ɗan jin Turancin. Baturen ya buɗe jaka, ya fito da takardar neman gurbin, ya ɗora yatsa a kan kalmar nan, Babu. Ya ce, "Kuskuren gwaji muna yafewa, kowane mai bincike na yi. Wannan ne ba ma yafewa."

Aka ba wani gurbin. Aka karɓe aikin, aka karɓe babur. Fulanin Babura suka kwashi abin da ya rage musu suka ƙetare iyaka, aka yi shekaru ba su yarda da wata allura ba, har mai amfanin. Garin da ya yi masa guɗa ya koma in ya doso majalisa sai a tuna ana da wani uzuri.

Kuna tsammanin ya tuba? Ubansa ya ce ya je ya durƙusa wa Fulani, ya nemi gafarar uwarsa. Ya ce ba laifinsa ba ne, allurar ce ba a dafa da kyau ba. Ya bar gari, ya koma can kudu yana rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Duk shekara sai ya aika wa jami'o'i takarda yana bayanin cewa hassada aka yi masa. Ba wadda ta amsa.

Da Inno ta kwanta ciwon ajali aka aika masa. Ya hau jirgin ƙasa, ya hau mota, ya iso har bakin duwatsun Kazaure. Nan ya ji an ce dangin uwarsa duk sun hallara, ruga-ruga, suna zaune a ƙofar gida. Ya tsaya. Shiga gidan nan sai ta gabansu, kuma sai an durƙusa. Ya juya ya koma tasha. Kawu ne ya sa ta a kabari.

Ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Boko? A'a. Neman ilmi wajibi ne, kuma ɗanmu da ya nemi gurbi a ko'ina cikin duniya, mu yi masa addu'a ya samu, ya ɗaga sunan ƙasarmu. Abin da ya kai shi ƙasa shi ne abin da ya kai Iblis: an ce ya rusuna, ya ce na fi shi.

Ku duba malamanmu na zaure. Kafin ɗayansu ya buɗe littafi sai ya ce, na karanta wannan a wurin malam wane, shi kuma a wurin malam wane. Ƙasƙanta su ya yi? Albarkar ilmi tana rataye ne a jikin sunan wanda ya ba ka shi. Wanda ya yanke wannan igiya, ya riƙe rabin sani, rabin sani kuwa shi ke kashe garke.

Kai ɗalibi, kai mai neman digiri, in aka tambaye ka wa ya koya maka, faɗi sunansa, ko da bai san alif ba. In tsoho ya fara magana, bari ya kai aya.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya kiyaye mu da ilmin da ke sa mutum jin kunyar nonon da ya sha. Allah ya ba mu ikon durƙusawa tun gwiwa na lanƙwasuwa. Amin.