Ranar da Inna Mai Gugguru Ta Ƙarasa Fim da Baki

Akwai wani mutum mai haska fim a tsohuwar silimar wata unguwa, ana ce masa Injiniya. Ba wata makarantar injiniyoyi da ya je, shi ya laƙaba wa kansa sunan, kuma in ba ka kira shi haka ba ko kallonka ba ya yi. Kawuna ne ya ba ni labarin nan. Yana cikin yaran da aka yi abin a idonsu, har yau in yana bayarwa sai ya miƙe tsaye.

Ku yaran yanzu masu kallo a waya kuna kwance, wallahi an yi babu ku! Tun azahar layin silima ya cika, ga mai gasa masara, ga mai rake, ƙamshin gugguru da soyayyar gyaɗa ya kama ko'ina.

A gindin bangon silimar, ƙarƙashin tagar ɗakin majigi, wata dattijuwa ke zama da kurfotin gawayi da tukunyarta. Inna Mai Gugguru ke nan. Shekara goma sha biyar tana wurin, ba ta taɓa leƙa ciki ba. In an tambaye ta sai ta ce, "To wa zai tsare mini tukunya?"

Amma sautin fim yana fitowa ta ramukan shan iska, Inna kuwa akwai kunne. Yaran da ba su da tikiti, su kawuna, sai su zagaye ta. Ta zuba musu ƙonannen gugguru a tafin hannu, ta kasa kunne, ta dinga fassara musu.

"Kun ji kiɗan nan? To bos ne ya shigo. Ƙato ne, ko ƙofa ba ta ɗaukarsa!"

Yara su yi ta tsalle kamar suna ciki.

Wannan abu ya tsaya wa Injiniya a wuya. Wata rana ya sauko a fusace.

"Ke tsohuwa, hayaƙinki yana shigar mini ɗaki. Kuma ƙaryar me kike shara wa yara? Kin taɓa ganin fim a rayuwarki?"

"Ban taɓa ba, ɗan nan. Ji dai nake yi."

"To kwashe komatsanki ki koma can bakin kwata."

Haka ta kwashe, yara na taya ta ɗaukar gawayi. Can nesa ko ƙarar bindiga ba ta ji. Kawu ya ce ranar sai da ya yi kuka.

To, a lokacin silima biyu ke raba fim ɗaya. Faifai-faifai yake zuwa, in waccan silimar ta gama da faifai, mai keke ya ɗauko ya kawo nan. Sau biyu fim na tsinke wa Injiniya a tsakiya, 'yan kallo suka kakkarya bencina. Mai silima ya ja masa kunne a gaban kowa: "Ka sake yi mini na uku, ka nemi wani aikin."

Ran nan aka kawo sabon fim, wasan la'asar, ɗaki ya cika maƙil. Mai keke ya ce, "Injiniya, a jinkirta kaɗan, faifan ƙarshe bai fito daga can ba."

"Kai za ka koya mini aikina? Jeka ɗauko!"

Ya kunna abinsa. Fim ya yi daɗi, har aka zo inda bos ya ɗaure akta a saman gada, ya zaro wuƙa. Sai allo ya yi fari fat. Faifai ya ƙare, mai keke kuwa shiru, ashe tayarsa ce ta fashe a hanya.

Kai jama'a! Ɗaki ya ɗauki ihu. Ana buga ƙafa, ana jifan tagar majigi da totuwar masara da ɓawon rake. Wasu har sun fara ɗaga benci. Injiniya ya sauko ta ƙofar baya gumi sharkaf, yana leƙen titi. 'Ya'ya biyar gare shi a gida, kuma ga mai silima can tsaye ya harɗe hannu.

Inna ta hango shi daga bakin kwata. Ta sauke tukunya, ta taso.

"Ɗan nan, a ina fim ya tsaya?"

Da ƙyar ya iya ɗaga ido. "A kan gada. An ɗaure akta."

"Yana da ƙane ko aboki?"

"Ƙanwa gare shi. Da doki."

"Shi ke nan. Kunna fitila."

Ta ce wa su kawu su tsare tukunya, amma ina! Duk suka bi ta. Ta shiga da ludayinta a hannu, ta tsaya gaban farin allo, ta ƙwanƙwasa benci sau uku.

Wani ya ce, "Inna, gugguru aka kawo mana?" Aka kwashe da dariya.

Ta ce, "Rufe mini baki, kai da na sani tun kana yawo ba wando! Kuna son ku ji yadda aka yi a gadar nan ko ba kwa so?"

Wuri ya yi tsit.

Sai Inna ta fara. Ta yi dariyar bos har da riƙe ciki. Ta yi sukuwar doki da ludayi a jikin benci, ƙwaras ƙwaras ƙwaras, ƙanwar akta tafe! Ta yanke igiya da haƙori. Ta kai wa iska naushi, mutum ɗari uku suka ce "Ƙara masa!" Waɗanda suka ɗaga benci suka ajiye suka zauna a kai. Da ta jefa bos cikin kogi, tafi da fito kamar rufin zai yaye.

Ana cikin haka mai keke ya faɗo da gudu, faifai a ka.

Injiniya bai hau sama shi kaɗai ba. Ya zo gabanta ya durƙusa.

"Inna, ki yafe mini. Zo ki ga abinki."

Ya riƙe hannunta har ɗakin majigi, ya zaunar da ita a kujerarsa, gaban 'yar tagar da yake kallo. Haske ya faɗa kan allo. Inna ta dafe ƙirji, hawaye na zuba, tana dariya.

"Wai wannan ɗan tsurut ɗin ne bos? Ni da nake ce wa yara ƙofa ba ta ɗaukarsa!"

Da aka tashi, 'yan kallo suka fito suna cewa, "Wallahi na Inna ya fi!" Ba benci ko ɗaya da ya karye. Mai silima ya dubi Injiniya ya ce, "Ka san wadda za ka gode wa."

Washegari kawu ya ga abin da bai manta ba. Injiniya, da farar rigarsa, ɗauke da kurfoti a ka daga bakin kwata zuwa gindin bango. Ya ajiye shi daidai ƙarƙashin tagarsa. Daga ranar hayaƙin Inna bai sake damunsa ba, har ma yakan leƙo ya ce, "Inna, yanzu doki ne ya shigo, fari ne!"

Darasi: Kada ka raina mutum don yana zaune a ƙasa kai kana sama. Wanda ka kora bakin kwata yau, wataƙila shi zai rufa maka asiri gobe. In kuma an wulaƙanta ka, yi haƙuri irin na Inna, alheri danƙo ne. Ku tura wa abokan ƙuruciyarku da kuka ci gugguru tare a ƙofar silima.