Jirgin Zayyanu da Albasar Baba Arzika

Akwai wani matashi a Bodinga mai suna Zayyanu, gwanin tsere da ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi. Ya taɓa ɓatar da ɗaya a cikin gero, don haka ya sayo na'urar GPS, wadda ke faɗin inda jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, ya liƙa wa sabon.

Yayarsa Nana Hauwa, malamar kimiyya, ta karanta takardar na'urar ta ce, "Kada ka tashi jirgin sai ya kama tauraro takwas, jiran minti biyu ne kawai. Ƙasa da haka, ƙarya zai yi maka."

Ya yi dariya. "Yaya, wanga ba darasin aji ba ne."

Ranar tsere a garin Dandin Mahe, jama'a suka cika fili. Allon da yake sarrafa jirgin da shi ya nuna tauraro huɗu kacal. Abokin karawarsa Badaru ya ce, "Zayyanu, tsoro kaka ji?" Sai Zayyanu ya tashi jirgin.

A zagaye na biyu hoton da jirgin ke aikowa ya ɗauke, jirgi ya ɓace.

Ya sa lambobin ƙarshe da na'urar ta aiko a taswirar wayarsa, suka nuna masa gonar wani dattijo, Baba Arzika. Ya kutsa cikin fangalin albasar da aka dasa shekaranjiya, yana tattakewa.

"Ɗana, mi kaka biɗa?"

"Jirgina! Nan ya faɗi, kai ka ɓoye shi. Na'ura ba ta ƙarya!"

A gaban mutane ya faɗi haka. Dattijon ya dubi dashensa, ya ce, "Allah shi bayyana maka shi."

Bayan kwana biyu aka yi sallama a ƙofar gidansu. Baba Arzika ne, da ƙunshi a tsumma. Matarsa Hajjo ce ta tsinci jirgin a kan wata bagaruwa, nesa da gonar, can hayin rafi. Har ya goge masa ƙasa.

"Ga abinka. Hwihhike guda ya karye, ba mu muka karya shi ba."

Zayyanu ya kasa ɗaga kai. Ya so a zage shi ko ya ji sauƙi, amma dattijon ko ruwa bai tsaya sha ba.

Nana Hauwa ta tambaye shi, "Tauraro nawa?"

"Huɗu," in ji shi, murya can ƙasa.

Washegari ya je Dandin Mahe da sabon irin albasa. Ya durƙusa a gaban mutanen da suka ji zargin, ya nemi gafara, sannan ya tuɓe takalmi ya shiga fangali. Baba Arzika ya nuna masa tazarar dashe da yatsa, ya ce, "A hankali, ɗana. Ita ma ba ta son gaggawa."

Darasi: Jiran minti biyu ya gagari Zayyanu, sai ya ɗora wa bawan Allah sata. Kafin ka zargi mutum, ka fara bincika naka kuskuren. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya tsira daga irin wannan kunya.