Yadda Launin Rumbuna Ya Koma Jikin Dutsen Kwal

Dalilin da ya sa Dutsen Kwal ya yi zane-zane kamar an zuba masa rini, ja nan, rawaya can, fari a tsakani, shi zan gaya muku yau, yara. Na taɓa hawansa lokacin da nake yawon neman karatu, ƙafafuna da sauran ƙarfi. Wani tsoho ne a can ya ba ni labarin. Sunansa ya ɓace mini, Allah ya jiƙansa, amma labarin yana nan.

A da, dutsen nan baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya. Launin yana hannun mutanen da ke zaune a kansa. Kowane gida yana da ramin da kakanni suka bar masa, inda ake haƙo ƙasa mai launi a adana ta cikin tukwane. Wani gida ja, wani rawaya, wani fari. Akwai ma wani launin, ko shuɗi ne ko kore, na manta. Ba sa shafa ƙasar nan a ɗaki, ba sa shafa ta a jiki. Rumbu kaɗai ake shafa wa, shi ma sai ya cika da acca. Duk mai jin yunwa da ya hango rumbu mai launi, ya san an ce masa ya zo ya ci, ba sai ya roƙa ba. Rumbun da bai cika ba kuwa, a bar shi da launin laka, matafiyi ya wuce abinsa.

Wata shekara fara ta sauka ta cinye accar. Rumbuna suka zauna wayam. Ana cikin haka aka ce fataken gishiri za su biyo ta kan dutse, don sun daɗe suna jin labarin rumbunan Kwal, suna so su gani da idonsu. Fatake kuwa, kun sani, abin da suka gani a nan shi za su faɗa a kowace kasuwa.

Shugaban garin a lokacin sunansa Davou. Ya tara mutane ya ce a fito da tukwane a shafe kowane rumbu.

Ƙanwarsa Kaneng, wadda ba ta iya ɓoye magana, ta ce, "Yaya, ko fara ta bar maka wani abu ne a ɓoye ba mu sani ba?"

Ya ce, "Fataken nan da guzurinsu suke tafe. Kallo kawai za su yi su wuce. So kike a riƙa faɗa a kasuwa cewa Kwal ta mutu?"

Ta ce, "To ai rumbu ba ga fatake kaɗai yake magana ba."

Ya ce, "Ke dai ɗauko tukunyarki."

Aka shafe rumbuna tsaf. Da rana ta haska su, sai garin ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Fatake suka zo, suka zagaya gida gida suna riƙe baki. Madugunsu ya ce, "Wallahi, Baba, duk yawona ban ga irin wannan ba." Davou yana ta murmushi.

Amma launi daga nesa ake hango shi. A can ƙasa cikin kwari akwai mutanen da fara ta kora daga ƙauyensu, suna tafe suna neman inda za su ci. Suka ɗaga kai suka ga ja da rawaya suna walƙiya a bisa dutse. Suka bar hanyarsu suka kama hawa, da tsofaffi da goyo. Fatake ba su gama ɗaure jakunansu ba sai ga mutanen sun iso.

Wata mace ta tsaya gaban jan rumbun Davou, ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa, ta ce, "Sannu da gida, Baba. Mun gani, mun zo."

Davou ya juya wajen rumbun. Ya jingina tsani ya hau, ko da yake ya san abin da zai tarar. Ya ɗaga jinkar rumbun, ya daɗe yana kallon ciki. Ya kasa saukowa.

Matar ta gane. Ba ta zage shi ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "Da ba ku shafa ba, Baba, da mun bi hanyar rafi. An ce akwai gwaza a can. Yanzu yaran ba za su iya komawa ba."

Madugu ya kau da kai. Kaneng ta shiga ɗaki ta fito da irin da ta ɓoye don shukar bana, ta ɗora tukunya. Sauran mata suka bi sahunta. Baƙi suka ci suka rayu, amma Kwal ta shiga damina ba iri.

Davou da kansa ya kankare rumbunsa da hannu, har farcensa ya yi jini. Sa'an nan ya bi gida gida yana karɓar tukwanen ƙasa, ba wanda ya hana shi. Ya kai su bakin dutse ya riƙa jefawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan farko ya sauko ya kwashi launin ya gangara da shi, ja ta hanyarsa, rawaya ta hanyarsa. Mutane suka zauna jiran ruwa ya wanke shi. Damina ta bi damina, ko dusashewa bai yi ba.

Shi ya sa har yau Dutsen Kwal yake da launi, rumbunan garin kuwa ba su da shi. Baƙi na zuwa daga nesa su tsaya suna yaba kyan dutsen, amma ba za ka ga ɗan garin ya ɗaga kai ya taya su kallo ba. Ni ma da na ce wa tsohon nan, "Kai, Baba, dutsenku da kyau yake!" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?"