Tsattsewar Kuka da Jatau Mai Zuma

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta!

Wata Tsattsewa ce mai kunyar tsiya. Ko inuwarta ta gani sai ta sunkuyar da kai. Can cikin kogon kuka ta liƙa sheƙarta da yawu, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya.

Rannan Jatau mai ɗiban zuma ya kara kunne jikin kukar, ya ji 'ya'yan suna zizan yunwa. Ya ce, "Zuma ce! Bari in ɗauko wuta in yi mata hayaƙi."

Tsattsewa ta ji shi, ga 'ya'yan ko gashi ba su yi ba. Ta tashi neman taimako.

Ta je wurin Hankaka. "Ina kwana, Malam? Ina gajiya? Yaya iyali?" Gaisuwa ta ƙare, magana ta maƙale. Ta ce, "Dama wucewa nake."

Ta je wurin Shaho. Gaisuwa ta ƙare, magana ta maƙale. Ta ce, "Dama wucewa nake."

Ta je wurin Bushiya, wadda ita ma ko tari aka yi sai ta dunƙule. Suka zauna shiru, kowa na kallon ƙasa. Can Bushiya ta ce, "Ƙanwata, irin shirun nan na san shi. Me ya faru?" Sai hawaye, sai magana, Tsattsewa ta faɗa mata komai. Bushiya ta tsige ƙayoyin bayanta, ta soka mata a wutsiya.

Jatau ya dawo da wutarsa. Shi wai gwani, sai ya fara zura hannu ya lalubo saƙa. Tsattsewa ta so ta kare 'ya'yanta, amma ina, ba ta iya fuskantar baƙo. Ta juya masa baya, ta rufe ido. Hannu ya sauka kan wutsiya, tsik!

Jatau ya zare hannu, ya ga huji jere reras. Ya ce, "Wannan ba harbin zuma ba ne. Aljanun kukar nan ne! Ku yi haƙuri, masu gida, ban san kuna ciki ba." Ya take wutar, ya zura da gudu har takalmi ya bari.

Tsattsewa ta sauke ajiyar zuciya, ta ƙirga 'ya'yanta, duk suna nan, suna ta neman abinci. Har yau da ƙayoyin nan take dogara jikin kogo in za ta huta.

In ka ga mai kunya ya tsawaita gaisuwa, ka tambaye shi abin da ya kawo shi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya so.