Karen da Ya Saci Ƙararrawar Majami'a

Akwai wani mutum, manomi, gidansa a bakin gari, gidan kuwa cike yake da dabbobi. Yana da karnuka biyu, da kyanwa guda wadda ba ta gaida kowa, da kaji masu yawa. Mutumin nan yana da wata baiwa, ko kuwa dai shi ne ya ce yana da ita: wai in ya dubi fuskar dabba sau ɗaya, ya gama karanta zuciyarta. Ba wanda ya taɓa musa masa, gama musu da shi yakan cinye wa mutum yini guda.

Babban karen sunansa Ƙyalesu. Tsoho ne, bakinsa ya yi furfura, matar gidan ce ta rene shi tun idonsa bai buɗe ba. Ƙaramin kuwa Kaftin, jan kare mai jini a jika, wutsiyarsa ba ta hutawa. In maigida ya dawo daga gona, tun daga nesa Kaftin yake tarbarsa da tsalle, kamar wanda ya shekara bai gan shi ba.

Ana nan sai ƙwai ya fara ɓacewa. Da hantsi kaji su yi ta kyarkyara, da yamma a duba akurki a tarar da ɓawo. Mutumin ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya, ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Ƙyalesu ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya a tsakanin ƙafafu, ya ja ciki ya shige ƙarƙashin rumbu. Kaftin ya tsaya cak yana kallon maigida ido cikin ido, wutsiya tana kaɗawa. Kyanwa ta ci gaba da wanke fuskarta.

Mutumin ya ce wa matarsa, "Kin gani? Ya amsa laifinsa."

Ta ce, "Baban Ƙauna, ka taɓa ganinsa da ƙwai a baki?"

Ya ce, "Ba sai na gani ba. Dubi fuskarsa kawai."

Ya jawo shi ya ba shi tsumagiya. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Da aka yi mako uku, da jin takun maigida a ƙofa Ƙyalesu yake neman rumbu, tun ba a tambaye shi komai ba. Mutumin ya ce, "Yanzu har ya daina jiran shari'a."

Wata ranar kasuwa sai ga mai sayen karnuka ya biyo ta ƙofar gidan a kan kekensa, da kejin ƙarfe a baya, da bahuna da bokitai ɗaure a sama, gama da su yake musaya. Kowa a garin ya san karen da ya shiga kejin nan, gaba da shi sai tukunya. Mutumin ya ɗaga masa hannu, ya shiga ya jawo Ƙyalesu da igiya.

Matar ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta ce, "Baban Ƙauna, don Allah. Shekara tara yana kwana a ƙofar nan."

Ya ce, "Maman Ƙauna, shekara tara bai saci ƙwai ba, shi ya sa ya kai yau."

Mai keken ya tsuguna, ya shafa bayan karen, ya latsa haƙarƙarinsa, ya ɗaga leɓensa ya dubi haƙora. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ce, "Maigida, wannan kare ne ko tsani? Ko ludayi ba zan bayar a kansa ba."

Mutumin ya ce, "Kada ka raina shi. Ƙwai huɗu yake sha kullum."

Mai keken ya yi dariya har ya dafa sirdi. Ya ce, "Baba, ni ban san Allah ya ba ni wani ilimi ba, amma na san naman kare. Karen da ke shan ƙwai, gashinsa yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, wuyansa yana ninki." Yana cikin magana sai idonsa ya sauka a kan Kaftin, wanda ke kwance a inuwa yana walƙiya. Ya haɗiye yawu. Ya ce, "Kamar wancan. Wancan nake so. Baho zan ba ka, in ɗora bokiti."

Mutumin ya ce, "Ai wannan ya amsa da kansa. In na tambaya, shi ke ɓuya."

"To tambaye shi wani abu dabam, da muryar da ka saba."

"Kamar me?"

"Tambaye shi wa ya saci ƙararrawar majami'a."

Ƙararrawar kuwa tana nan rataye a bishiyar mangwaro, daga ƙofar gidan ma ana hango ta, da safen nan aka buga ta. Amma mutumin yana so ya kunyata mai keken. Ya cika ƙirji, ya daka tsawa, ya ce, "Wa ya saci ƙararrawar majami'a?"

Ƙyalesu ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya, ya manne da ƙasa yana rawar jiki.

Mai keken ya ce, "Madalla, an kama ɓarawo, a aika wa dattawan ikilisiya. Baba, tun da yana nan, tambaye shi wa ya hana ruwan sama bara."

Matar ta fashe da dariya, hawaye yana zuba, ita kanta ba ta san na dariyar ne ko na kukan da ta riƙe ba. Mutumin kuwa yana tsaye da igiya a hannu.

Mai keken ya ce, "Kare bai san ƙwan safe ba in yamma ta yi. Fushinka yake gani, yana roƙonka ka huce. To, jan fa? A kawo shi?"

Kunya ta juya wa mutumin ta zama fushi, ya nufi Kaftin. Matar ta tare shi da muciya, ta ce, "Yau ba karen da zai fita gidan nan. Ka yanke hukunci da fuska, yanzu kuma za ka yanke da ƙiba? Ka gani da idonka tukuna." Ta kwance igiyar da hannunta. Mai keken ya hau ya tafi da keji wofi, yana zagin bakinsa da ya hana shi ciniki.

Kashegari mutumin bai je gona ba. Ya zauna a madafa, ya leƙa ta tagar hayaƙi, ya yi shiru, abin da bai saba yi ba. Ya ga kaza ta sauka tana kyarkyara, Kaftin ya miƙe ya yi hamma, ya shiga akurki a natse kamar mai zuwa karɓar haƙƙinsa. Ya kuma ga wani abin da bai nema ba. Da aka zuba wa karnukan ƙanzo a kwanonsu guda, Kaftin bai yi haushi ba, bai yi cizo ba, ya dai tsaya a kan kwanon ya ɗan ɗaga leɓe, tsohon ya ja da baya ya jira abin da ya rage. Abin da ya rage kuwa ƙamshi ne.

A ranar ya yi wa akurki ƙofa. Ya raba kwano biyu, ɗaya a nan, ɗaya a bayan rumbu. In Kaftin ya doshi kaji sai ya tsawata masa nan take, in ya juya ya dawo sai ya shafa kansa. Ƙyalesu ya yi wata biyu kafin ya yarda ya tarbe shi a ƙofa, amma ya tarbe shi.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Maigidan nan ni ne, kai ne, ke ce, duk wanda aka ba shi riƙon gida ko aji ko zumunta. Ƙyalesu shi ne mutumin nan da in an ɗaga murya jikinsa ke rawa. Akwai shi a kowane gida. In abu ya fashe shi ake kallo, ya sunkuyar da kai, mu ce ai ga shaida. Ba shaida ba ce. Mu ne muka koya masa sunkuyawa, muka dawo muna hukunta shi a kanta. Kaftin shi ne mai saurin gaisuwa, mai kallonka ido cikin ido. Ban ce duk mai fara'a ɓarawo ne ba, kada ku fita daga nan kuna hararar shugaban mawaƙa. Na ce dai fara'a ba ta wanke kowa. Ku lura kuma, shi ma ba a sa shi a keji ba. An yi masa ƙofa, an yi masa horo, ya zauna a gidan.

Mai keken bai zo don ya ceci kowa ba, ciniki ya kawo shi. Duk da haka Ubangiji ya sa gaskiya a bakinsa. In ta zo maka ta bakin da ba ka ɗauka da daraja ba, ka karɓa.

Ku kuma masu rawar jiki, ku da kuke shigowa sujada kuna jin kamar duk wa'azi da ku ake, ku saki ranku. Ubanmu na sama ba ya bukatar ya daka tsawa ya ga wanda zai ɓuya. Yana nan tun da hantsi, ya ga abin da ya faru, ya kuma ga wanda aka hana ci.

In kun koma gida yau kuka tarar an yi ɓarna, kada ku tambayi fuska. Ku tambayi kanku wa ke jin takunku a ƙofa ya nemi wurin ɓuya, ku fara da kiransa a hankali.