Tasalla da Furen Bakin Ƙorama

"To, ku matso kusa, ni ba zan ɗaga murya ba. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wani tsoho ne a wani gari can gindin duwatsu, ana ce masa Baba Shekarau, Sarkin Ganye. Duk ganyen da Allah ya fitar a ƙasarsu ya san shi. Ko da idanunsa suka mutu, in aka miƙa masa ganye sai ya murza, ya shinshina, ya faɗi sunansa. Yana da burgami na gado, wato jakar fata, cike da saiwoyi da sassaƙe. Al'adar gidansu kuwa, ba a ba magaji burgamin nan sai ya kawo wa mai shi tsiron da bai sani ba. In mai burgami ya mutu ba a kawo ba, sai a ƙone burgamin, maganin gidan ya ƙare ke nan.

'Yarsa ɗaya ce tak, Tasalla. Shekara bakwai tana yawon daji. Ta kawo wannan, ya ce, "Sabara ce." Ta kawo wancan, ya ce, "Haba Tasalla, wannan ko akuya ta san shi!" Ana nan sai tsoho ya kwanta ciwo, kullum jiki sai ƙara yin ƙasa yake. Hankalin Tasalla ya tashi ƙwarai.

Sai wata rana da damina ta hau dutsen da ya fi kowanne tsawo. Ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har inda gajimare ke shafar mutum. Sai ta tarar da wata ƙorama tana zubowa daga sama. A inda feshin ruwan ke sauka, sai ga tsirrai uku kan gansakuka. Ba ta taɓa ganin irinsu ba. Sai ta kai hannu.

Sai wani tsohon kwaɗo ya leƙo daga ƙarƙashin dutse, ya ce, "Baiwar Allah, saurin me kike?"

Ta ce, "Babana zan kai wa."

Ya ce, "Wannan ba ya jure hanya. Maƙwabcina ne, na san halinsa."

Ta ce, "Kai dai kwaɗo, ji da ruwanka."

Sai ta tumɓuke ɗaya, ta ƙulle a bakin zane, ta gangaro da gudu. Kafin ta kai gida ya narke kamar dafaffiyar rama. Tsoho ya murza, ya ce, "Ruɓaɓɓen abu kika kawo mini. Ba zan ce na sani ba, ba zan ce ban sani ba."

Kashegari sai ta koma da ƙwarya. Kwaɗo ya ce, "Kin dawo? Saura biyu fa."

Ta ce, "Yau da wayona na zo."

Sai ta haƙo ɗaya da ƙasarsa, ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai. Wayo ina! Tana saukowa zafin gari ya buge shi, ganye ya zube, kara ya langaɓe. Tsoho ya lalube ƙwarya, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Ƙasar dai ta dutse ce, na ji sanyinta. Amma gawa kika kawo mini, 'yar nan."

Rana ta uku sai ta sake hawa. Ga tsiro guda ɗaya, shi kaɗai yana rawa cikin feshi. Ta kai hannu, sai hannun ya tsaya. Sai ta juya wajen kwaɗo.

Ta ce, "Yau ba ka magana?"

Ya ce, "In ce me? Na faɗa sau biyu. Tun kakannina ba mu san wani irinsa a ko'ina ba."

Sai Tasalla ta zauna daɓas. In ta cire shi, ya bi 'yan'uwansa. In ta bar shi, burgami ya ci wuta. Ta tuna biyun da ta kashe da hannunta, kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta yi kuka har ta gaji. Da ta share hawaye sai ta dubi tsiron, sai ta ga ashe duk zuwan da ta yi ba ta taɓa dubansa da kyau ba. Sai ta gyara zama. Tun hantsi take kallonsa har la'asar, sannan ta gangaro.

Tsoho ya ji motsinta, ya ce, "Miƙo."

Ta ce, "Hannuna babu komai, Baba. A bakina na kawo shi."

Sai ya ce, "Tsawonsa?"

"Bai kai gwiwata ba."

"Karansa?"

"Ruwa ne zalla, har haske kake gani ta cikinsa. Gaɓoɓinsa a kumbure, jajaye."

"Ganye fa?"

"Bibbiyu suke, suna duban juna. Bakinsu da ƙananan haƙora, bayansu ja."

"Fure?"

"Yana reto a siririn zare kamar ɗan kunnen amarya. Gabansa a buɗe, fari da ɗigo-ɗigon ja. Bayansa da wutsiya lanƙwasasshiya, a cikinta zaƙinsa yake. Wani ɗan tsuntsu mai dogon baki ya zo sha sau tara."

"'Ya'yansa?"

"Na ɗora ɗan yatsa kan kwanson da ya nuna, sai ya fashe, fat! Iri ya watsu kan gansakuka. Na bar shi a can."

Sai tsoho ya ce, "Ban san shi ba."

Tun da aka haifi Tasalla ba ta taɓa jin wannan magana a bakinsa ba.

Ya ce, "Me ya hana ki ciro shi?"

Ta ce, "Shi kaɗai ya rage, Baba."

Sai hawaye ya zubo wa tsoho. Ya ce, "Ni ma nawa guda ɗaya na tarar. Na tumɓuke shi na kawo wa ubana, aka ba ni burgami. Shekara hamsin ina komawa wurin, ban sake ganin irinsa ba. Sunansa kawai ya rage a bakina, ba wanda zan nuna wa." Sai ya laluba ƙarƙashin matashi, ya jawo burgami, ya ɗora mata a cinya. Ya ce, "Sa masa suna. Naki yana da rai."

Ta ce, "Ɗan-kunnen-dutse."

Ya ce, "Sake faɗa mini furen, sannu a hankali. Ina so in ƙara ganinsa."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare a nan. Ku kuma masu saurin hannu, in kun ga abin da ba ku taɓa gani ba, ku tsaya ku dube shi tukuna, kada ku yi ta fizge-fizge.